Aikin Zama da Lafiyar Jiki: Tambayoyin da Masu Wuni a Kujera Suka Fi Yi

Wanda ya wuni a gona yana huɗa, idan ya ji ma'aikacin ofis yana kukan gajiya da ciwon baya, sai mamaki ya kama shi: me wannan ya ɗauka? Bai ɗauki komai ba, kuma daga nan matsalar ta faro. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi fitowa daga bakin masu aikin zama. Ba ma'aikacin sakatariya ko na banki kaɗai nake nufi ba. Tela da ke kan keken ɗinki tun hantsi, mai POS a rumfarsa, ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke zaune yana jiran ciniki, direban tirela, mai buga takardu a shagon kwamfuta, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Zama kawai nake yi, ba buhu nake ɗauka ba. Wace illa zama zai yi mini?

Illar ba ta zuwa a rana ɗaya, shi ya sa ake raina ta. Wanda ya fara nuna ta da alƙaluma wani likita ne ɗan Birtaniya mai suna Jeremy Morris, a shekarar 1953. Ya bi diddigin ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu na birnin Landan. Direba da kwandasta mota ɗaya suke shiga, hanya ɗaya suke bi, hayaƙi ɗaya suke shaƙa. Abin da ya raba su shi ne direba yana zaune kusan duk tsawon aikinsa, kwandasta kuwa yana ta hawa da sauka a matakalar motar yana karɓar kuɗi, ɗaruruwan matakai kullum. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma in ya kama su ya fi saurin kai su ƙasa. Morris ya duba ma'aikatan gidan waya, masu raba wasiƙu a ƙafa ko a keke da kuma akawu da ke zaune a tebur, ya sake ganin abu ɗaya. Shi kansa ya riƙe motsa jiki har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Ga yadda abin ke faruwa a cikin jiki. Manyan tsokokin mutum suna cinya da ɗuwawu da ƙafa, kuma su ne ke zuƙe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci. Da ka zauna sai su yi lakwas, sukari da kitse su daɗe suna yawo a cikin jini. Tsokar sha-raɓa kuma kamar famfo take, ita ke tura jini daga ƙafa ya koma zuciya. In ba ta motsi sai jini ya taru a ƙasa, shi ne kake jin takalmi ya matse ka da yamma alhali da safe daidai yake. A tara irin wannan wuni na shekara goma ko ashirin, to an share wa ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya hanya.

To motsi nawa ne ya isa?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani irin su gudu da ƙwallo. Mafi ƙanƙanta ke nan minti 30 sau biyar a mako. Ta ƙara da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako: tsallen kwaɗo, tashi-zauna, ɗaga jiki a ƙasa da hannuwa, ɗaga abu mai nauyi.

Matsakaici shi ne tafiyar da za ka iya hira a cikinta amma ba za ka iya jan karatu da ƙira'a ba tare da numfashi ya katse maka ba. Tafiyar ƙasaita, hannu a bayan babbar riga, ba ta kai nan ba, ko da yake ta fi zama nesa ba kusa ba.

Alƙaluman hukumar sun nuna a 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya ba sa kai wannan mizani.

Ina buga ƙwallo da safe kafin na tafi aiki. Wannan bai wanke mini zaman wuni ba?

Ya wanke mai yawa, kada ka daina. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2016, wanda ya haɗa bayanan mutane fiye da miliyan ɗaya, ya nuna masu zaman awa takwas ko fiye a rana suna iya kauce wa ƙarin haɗarin mutuwar wuri idan suna motsi matsakaici na minti 60 zuwa 75 kullum. Sai dai mutum nawa ne ke da awa guda da ɗoriya a kowace rana?

Shi ya sa nake ganin ainihin maganar ba ta gidan atisaye ba ce, ta katse zama ce. A 2023 masu bincike a Jami'ar Columbia da ke New York sun zaunar da mutum 11 na awa takwas, suna tashinsu su taka a lokuta daban-daban. Tsarin da ya fi aiki shi ne tafiyar minti biyar bayan kowane minti 30: ya rage tashin sukarin jini bayan cin abinci da fiye da rabi, ya kuma ɗan sauke hawan jini. Ƙaramin gwaji ne, amma ya yi daidai da abin da aka sani game da tsoka, cewa da ta fara motsi take fara shan sukari.

Yaya zan riƙa tashi kowane rabin awa ba tare da oga ya ce ina wasa da aiki ba?

Ba sai an lura ba. Idan waya ta yi ƙara, miƙe ka amsa a tsaye, ka ɗan kai ka kawo. Maimakon ka kira abokin aikinka da ke ɗakin kusa, taka ka same shi, kun ma gaisa. Kada ka ajiye babbar gorar ruwa a kan tebur. Yi amfani da kofi, yadda dole ka tashi ka cika shi, kuma shan ruwan zai tashe ka zuwa bayi. Matsar da kwandon shara da injin buga takarda nesa da hannunka. In ginin bene ne, hawa biyu ko uku ba na lifta ba ne. In kuma taro ya ɗaure ka a kujera, riƙa ɗaga dudduge kana saukewa a ƙarƙashin tebur, famfon nan na ƙafa ya samu aiki.

Amma akwai abin da ya fi oga hana mu tashi, kuma ya kamata a faɗe shi. A wurinmu ana auna girman ma'aikaci da yawan abin da ake yi masa. Masinja ya kai fayil, direba ya ɗauko jaka, yaro ya kawo buta, a faka mota daidai bakin ƙofa. A gida ma haka: kai, zo ka miƙo mini wayata, ga ta can taku uku. Ba na kushe yi wa na gaba hidima, tarbiyyarmu ce kuma abin alfahari ce. Abin da ke damuna shi ne duk matakin da mutum ya hau a aiki, takunsa na rana raguwa yake yi, kuma daidai shekarun da jikinsa ya fi buƙatar motsi ne ake ɗauke masa shi. Ka duba wane ne ya fi ƙoshin lafiya a ofisoshi da yawa, darakta ko masinjansa. Babba da ya kai fayil da kansa bai zubar da girmansa ba. Hasali ma in shugaba ya saba hawa bene da ƙafa, na ƙasa da shi sun samu izinin tashi ba tare da tsoro ba.

Ina sallata biyar a kan lokaci. Ruku'u da sujada ba su wadatar ba?

Salla ibada ce, ba don atisaye aka wajabta ta ba, kuma bai dace a mayar da ita haka ba. Duk da haka akwai wata ni'ima a nan da ma'aikacin wasu ƙasashe ba shi da ita: Azahar da La'asar suna faɗowa a tsakiyar lokacin aiki, su tashe ka daga kujera sau biyu, da alwala da tafiya da lanƙwasa gaɓoɓi. Babu ogan da zai tuhume ka a kan wannan tashin.

Sai dai raka'a huɗu 'yan mintuna ne, kuma ba sa sa zuciya ta yi bugun da ake nufi da motsi matsakaici. Abin da zai ƙara auki shi ne tafiyar. In akwai masallacin jam'i da ke nesa da ofis da tafiyar minti bakwai ko goma, je can maimakon shimfiɗa darduma a gefen tebur. Zuwa da dawowa sau biyu, ka kusa cika minti 30 na ranar. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ma ya zo da cewa mafi girman lada a salla shi ne wanda ya fi nisan tafiya zuwa gare ta.

Mai niyyar aikin Hajji ya ƙara riƙe wannan. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi da tafiyar jifa. Ƙafar da ta shekara ashirin a ƙarƙashin tebur tana buƙatar watanni na tattaki kafin jirgi ya tashi.

Wayata tana cewa sai na yi taku 10,000 a rana. Dole ne?

A'a. Wannan adadi daga talla ya samo asali. A 1965, bayan wasannin Olamfik na Tokyo, wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ya fitar da na'urar ƙirga taku da ya raɗa wa suna Manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma. Sunan ya bi duniya. A 2019 masu bincike na Jami'ar Harvard sun bi tsofaffin mata fiye da 16,000 a Amurka, suka ga masu taku kusan 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsawon rai a tsawon binciken, kuma amfanin yana ƙaruwa har wajen taku 7,500 kafin ya daidaita. Duba abin da kake yi yanzu na mako guda, sannan ka ƙara dubu ɗaya ko biyu a kai.

Ina fita bayan Asuba, gosulo ya riƙe ni, na dawo bayan Isha. Ina lokacin yake?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Mararaba da Nyanya zuwa cikin Abuja da safe ya san wannan kuka gaskiya ne. Zaman mota ma zama ne, ƙari a kan na ofis. Ga irin wannan mutum, sai dai a tsinci motsin a cikin ranar da ake da ita. Sauka daga bas ko adaidaita sahu kafin a kai inda za ka, ka ƙarasa da ƙafa da sauri. Mai mota ya faka a ƙarshen fili. Bayan abincin rana a yi zagaye na minti goma kafin a koma kujera, domin a lokacin ne sukarin jini ke tashi.

Gajeren motsi mai ƙarfi ma yana da daraja. Wani bincike na 2022 da aka yi kan mutane kusan 25,000 a Birtaniya waɗanda ba sa wani atisaye ya gano masu yin motsi mai sa haki na minti ɗaya ko biyu, sau uku ko huɗu a rana, kamar hawa bene da sauri, haɗarin mutuwar wurinsu ya yi ƙasa ƙwarai da na waɗanda ba sa yi.

Sauran kuma a biya bashinsa ranar Asabar da Lahadi. Bakin tafkin Jabi a Abuja cike yake da masu motsa jiki da safiyar Asabar. Bakano yana da matakalar Dutsen Dala. Tara motsin mako a kwana biyu ya fi rashin yi da nisa, muddin an fara a hankali. Mai shekara 45 da ya daɗe bai yi gudu ba kada ya faɗa fili ya ce sai ya buga minti 90.

Bayana da wuyana suna ciwo kullum. Kujerar ce ba ta da kyau?

Wataƙila tana da hannu, amma kafin ka kashe albashi a kan kujera mai tsada, gyara abin da kake da shi. Tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai. In kujerar ta yi tsawo, sa kwali ko ɗan katako a ƙasa. Ɗuwawu ya shige har ƙarshen kujera, ka naɗe tawul ko ƙaramin filo ka tokare ƙugu. Gwiwar hannu ta kasance daidai da tsawon tebur, kafaɗu a sake. Saman allon kwamfuta ya yi daidai da idonka, nisansa kamar tsawon hannu. Cire walat daga aljihun baya, yana karkatar da ƙugu.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ita ce babbar mai laifi a ciwon wuya, domin allonta a ƙasa yake. Kan baligi ya kai kilo biyar, kuma duk sunkuyawar da ka yi nauyin da wuya ke ɗauka ƙaruwa yake. Ɗora ta a kan littattafai ko bandir na takarda, ka sayi madannai da linzami na daban. Haka waya: ɗago ta zuwa fuska.

Bayan duk wannan, babu zaman da yake da kyau in ya daɗe. Ko ka zauna tsaf kamar soja, awa uku ba motsi sai baya ya yi tsami.

Abin da nake roƙo a guje masa shi ne mayar da maganin kashe ciwo abincin yau da kullum. Irin su diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, in aka daɗe ana sha suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda, suna ƙara hawan jini. Ciwon da ya wuce makonni a kai shi asibiti, akwai sashen gashin ƙashi da aikinsa ke nan.

Idona na yaji da yamma. Allon ne ke kashe shi?

Ba kashe shi yake ba, busar da shi yake, domin mai kallon allo yana rage ƙiftawa. Bayan kowane minti 20, kalli abu mai nisan kamar mita shida na daƙiƙa 20. Kada iskar fanka ko ta na'urar sanyaya ɗaki ta riƙa dukan fuskarka. In yajin ya haɗu da ciwon kai ko dishi-dishi, a je a auna ido.

Na fara ajiye tumbi, 'yan uwa suna cewa alamar hutu ce.

Haka aka saba faɗa, har a yi wa mutum barka. Amma kitsen ciki ba irin na cinya ba ne. Yana kewaye hanta da hanji, kuma shi ya fi alaƙa da ciwon suga. Ga awo mai sauƙi: yanki zare daidai tsawonka, ninka shi biyu, ka zagaya cikinka da shi wajen cibiya. In bai haɗu ba, faɗin cikin ya wuce rabin tsawonka, lokacin gyara ya yi.

Abincinmu an tsara shi ne domin mai noma da mai daka. Malmalar tuwo uku ta dace da wanda zai koma gona, ba wanda zai koma kujera ba. Ba a ce ka bar tuwo ko shinkafa ba, a rage malmala a ƙara miya da ganye. Wake, ƙosai, alale, kwaɗon zogale ko na rama, ɗanwake, gyaɗa, ƙwai, duk suna riƙe ciki ba tare da sa mutum gyangyaɗi da ƙarfe biyu ba.

Inda aka fi cutuwa shi ne abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kusan giram 50 a rana, wato cokalin shayi 12, kuma rabin haka ya fi. Gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da kusan cokali tara. Ƙara da shayin mai shayi da madarar gwangwani, da zoɓo ko kunun aya da aka cika wa sukari, ka ga an wuce kafin Azahar. Gishiri kuma kada ya kai giram biyar a rana, kusan cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen miya da ɗanɗanon taliyar leda da yajin tsire duk suna cikin lissafin. Goro da kofi bayan La'asar suna cin barcin dare, alhali baligi na buƙatar aƙalla awa bakwai, kuma mai ƙarancin barci ya fi jin kwaɗayin zaƙi washegari.

Ni mace ce, ina aikin banki. Ba zan iya fita titi ina gudu ba. Yaya zan yi?

Hajiya, ba sai kin yi gudu a titi ba. Tsakar gida ko falo ya isa tsallen igiya, tashi-zauna, hawa da sauka a kan matakala ɗaya, ko bin atisaye a waya na minti 20. Tafiya da sauri cikin hijabi tare da maƙwabciya ko maigida bayan Asuba ba ta saɓa wa mutunci ba. Abu Dawud ya ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha. A manyan garuruwa kuma yanzu ana samun wuraren motsa jiki masu ɓangare ko lokacin mata zalla.

Shara da wanki da goge-goge suna cikin lissafi in sun sa ki haki. Amma ki ba aikin ƙarfafa tsoka muhimmanci na musamman, domin ƙashin mace yana saurin raguwa bayan ɗaukewar al'ada. A wurin aiki, ajiye takalmi mara tsini a ƙarƙashin tebur. Mai juna biyu da likita bai hana ta ba, ita ma minti 150 ɗin nan a mako ake ba ta shawara.

Lokacin zafi da hunturu da azumi fa?

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, motsi mai nauyi na bayan Asuba ne ko bayan Magariba. Launin fitsari zai gaya maka ko ruwa ya ishe ka: in ya yi duhu, ƙara sha. Ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri, mai asma ya yi nasa a cikin ɗaki. A watan azumi, tattaki mai sauƙi dab da shan ruwa, mai ƙarfi kuma awa ɗaya ko biyu bayan buɗa-baki. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin ya zauna da likitansa tun kafin wata ya kama.

Na ga ana tallar teburin da ake aiki a tsaye. In saya?

In kana da hali, yana taimakawa wajen sauya yanayin jiki. Amma tsayuwa wuri ɗaya ba motsi ba ce, kuma doguwar tsayuwa tana kumbura jijiyoyin ƙafa. Kwali a kan teburinka na yanzu zai yi wannan aikin.

Yaushe ya kamata na ga likita?

Kafin ka fara atisaye mai ƙarfi, in kana da hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya, ko ka daɗe ba ka motsa ba kuma shekaru sun fara ja. Ko ba ka jin komai, auna jininka aƙalla sau ɗaya a shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba, domin ba ya ciwo. Awon da ya kai 140 bisa 90 a ranaku daban-daban yana buƙatar likita, kuma wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye shi don ya fara tattaki.

Akwai kuma alamun da ba a jiran gobe. Nauyi ko matsi a ƙirji yayin tafiya ko hawa bene. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi da ciwo, musamman bayan doguwar tafiyar mota ko jirgi, domin yana iya zama gudan jini. Ciwon baya da ya zo da mutuwar ƙafa, ko rashin ji a tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari. Baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe: wannan shanyewar ɓarin jiki ce ke ƙwanƙwasa ƙofa, a sa mutum a mota zuwa asibiti nan take, kada a tsaya ɗura masa ruwa ko jiƙo.